Masauyin Hayaƙi a Tsofaffin Motocin A-Kori-Kura: Aikinsa, Tarihinsa da Taƙaddamar Cire Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan na'urar da ke sauya gubar hayaƙin mota kafin ya fita sarari, tare da duba gyare-gyaren da masu tsofaffin motocin a-kori-kura ke yi wa salansa. An gina bayanin a kan Amurka, inda na'urar ta fara zama wajibi a shekarar 1975, sannan aka taɓo halin da take shiga idan irin waɗannan motoci suka iso ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin motar da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan zai ga wata ƙaramar tukunya ta ƙarfe a jikin bututun salansa, tsakanin injin da babbar tukunyar da ke rage ƙara. Makanikai na kiran ta katalis, wasu kuwa indomi, saboda ƙwaryar cikinta ta yi kama da dunƙulen taliyar leda kafin a dafa. Akwai masu fassara sunanta da "matatar hayaƙi", amma wannan fassara na ɓatar da mai karatu, domin matata tsare datti take yi ta bar shi a jikinta. Ita kuwa wannan na'ura ba ta riƙe komai. Iska mai guba ce ke shiga, ta fito ta zama wata iska daban. Saboda haka maƙalar ta zaɓi kiran ta "masauyin hayaƙi", bisa tsarin ƙirar sunan kayan aiki irin na mabuɗi da magirbi. Batun ya wuce zaɓen kalma: wanda ya ɗauka matata ce zai yi zaton idan ta toshe ana wanke ta ko a fasa ta a huta.

2.0 Yadda Masauyin Ke Aiki

Injin fetur ba ya ƙona mai ƙurmus. Abubuwa uku masu illa ne ke fitowa tare da hayaƙinsa: kabon monoksaid, da ɓurɓushin man da bai ƙone ba, wato haidirokabon, da kuma oksaid na naitirojin, wanda tsananin zafin cikin silinda ke haifarwa. A farkon shekarun 1950 masanin kimiyya Arie Haagen-Smit ya nuna cewa na biyu da na uku ne ke haɗuwa a cikin hasken rana su zama hazon da ya addabi birnin Los Anjalas.

A cikin masauyin akwai ƙwarya ta yumɓu mai ƙananan ramuka jere kamar saƙar zuma, galibi kimanin 400 a kowane inci murabba'i. An shafe bangon ramukan da wani kauri mai gautsi na alumina, aka barbaɗa ƙarafa masu daraja guda uku: filatinam da faladiyam da rodiyam. Biyun farko suna taimaka wa oksijin ya ƙarasa ƙona kabon monoksaid da ragowar mai, su koma kabon dayoksaid da tururin ruwa. Rodiyam kuma yana raba naitirojin da oksijin. Ƙarafan ba sa ƙarewa a wannan aiki, matsayinsu na dillali ne da ke haɗa ciniki ya koma gefe.

Sharuɗɗa biyu ne aikin ya rataya a kansu. Na farko zafi: masauyin ba ya fara aiki sosai sai ya kai ma'aunin zafi 250 zuwa 300 na Salshiyos, shi ya sa motar da aka tayar da asuba ta fi fitar da guba. Na biyu daidaiton cakuda, wato kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na fetur. Idan mai ya rinjaya, oksijin ba zai ishi ƙonawa ba. Idan iska ta rinjaya, rodiyam ba zai iya nasa aikin ba. Kafireta ba ta iya tsare wannan siririn ma'auni ita kaɗai, dalilin da ya sa aka dasa na'urar sansano oksijin a bakin salansa, tana sanar da kwamfutar mota ta ƙara mai ko ta rage.

3.0 Dokar 1970 da Ƙofar da Aka Bar wa A-Kori-Kura

Injiniya Eugene Houdry, Bafaranshen da ya zauna a Amurka, ya samu rijistar mallakar fasahar masauyi tun a shekarun 1950, amma ba ta yi kasuwa ba, domin fetur ɗin lokacin yana ɗauke da dalma, ita kuwa dalma tana lulluɓe ƙarafan ta kashe su. Dokar Tsabtace Iska ta 1970 ce ta tilasta wa kamfanoni rage gubar hayaƙi da kashi 90 cikin ɗari. Aka wajabta wa manyan gidajen mai sayar da fetur marar dalma daga 1974, masauyi kuma ya bayyana a mafi yawan motocin ƙirar 1975. Na farkon nan guba biyu kawai yake magancewa. Mai magance ukun, wanda John Mooney da Carl Keith na kamfanin Engelhard suka yi fice wajen samar da shi, Volvo ta fara sa shi a motocin ƙirar 1977 da ta sayar a Kalifoniya, ya kuma game gari daga 1981.

A nan ne tarihin a-kori-kura ya rabu da na sauran motoci. Ƙa'idar farko ta tsaya ne kan ƙananan motocin kaya da nauyinsu tare da lodi bai wuce laba 6,000 ba, kimanin kilo 2,720. Kamfanoni suka ga ƙofa a buɗe. A 1975 Ford ta fito da F-150, wadda aka ƙarfafa ƙafafunta har nauyinta a takarda ya ɗan haura wannan iyaka, ta tsira daga masauyi, ta ci gaba da shan fetur mai dalma. Chevrolet ta yi makamancin haka da ƙirar Big 10, Dodge kuma ta fitar da Li'l Red Express a 1978 da salansa biyu a tsaye bayan ɗakin direba, babu masauyi ko ɗaya. A 1979 aka ɗaga iyakar zuwa laba 8,500, kimanin kilo 3,860, sai waɗanda suka fi wannan nauyi suka ci gaba da fitowa haka har cikin shekarun 1980. Abin ban sha'awa shi ne, F-150 da aka haifa don kauce wa doka ita ce ta zama ƙashin bayan jerin motocin da suka fi kowace mota kasuwa a ƙasar.

Wannan tarihi ne tushen gardamar yau. Motoci biyu ƙirar shekara ɗaya, kamfani ɗaya, sai a tarar ɗaya ta fito da masauyi, ɗayar babu. Shaidar da ke raba gardama ita ce takardar bayanin hayaƙi da aka manna a ƙarƙashin bonet.

4.0 Gyaran Salansa: Abin da ke Gaskiya da Abin da ke Camfi

Ƙorafin masu cire masauyi yana da asali. Kamfanin General Motors ya yi amfani da wani nau'i mai faɗi da aka cika da ƙananan tsakuwoyi maimakon saƙar zuma, kuma lallai yana shaƙe numfashin injin. Motocin wancan zamani ma an rage musu ƙarfi ta wasu hanyoyin, sai masauyi ya ɗauki laifin duka. Sai dai masauyin zamani mai lafiya ɗan abin da yake ragewa na ƙarfi bai taka kara ya karya ba. Wanda ya cire nasa ya ji motar ta saki, yawanci toshasshe ya cire.

Toshewar kuwa alama ce ta wata cuta. Fulogin da ba ya kawo wuta yana tura ɗanyen fetur cikin masauyi, ya kama da wuta a can, ƙwaryar ta narke. Injin da ke shan baƙin mai yana shafa mata sinadarin fosfaras, ruwan lagireto da ya sami hanya ta gaskit yana yi mata irin wannan lahani. Duk wanda ya sa sabo bai gyara injin ba, ya zuba ruwa a kwando. Akwai ma wata tsaka mai wuya ga masu tsofaffin injina: ƙirar kamshaf ɗinsu tana buƙatar baƙin mai mai yawan zinki da fosfaras don kada ta cinye, alhali wannan fosfaras ɗin ne ke rage wa masauyi kwana.

Wani camfin da ya yaɗu shi ne wai injin yana buƙatar matsin hayaƙi daga baya. Abin da injin ke amfana da shi saurin gudun hayaƙi ne. Kowane bugu na hayaƙi da ya wuce yakan bar gurbi mai ƙarancin matsi a bayansa, wanda ke janyo na gaba. Bututu mai faɗi fiye da kima yana rage wannan gudu, motar ta yi ƙara kamar tirela, amma ta rasa ƙarfin ja a ƙaramar giya, wanda shi ne amfanin a-kori-kura mai lodi.

Ta fuskar doka, gyaran da aka yi a 1990 ya faɗaɗa haramcin taɓa kayan hayaƙi ya shafi kowa, har da mai motar kansa. An yarda a canza bututu da tukunya daga bayan masauyi zuwa wutsiya, amma cire shi laifi ne komai tsufan motar. Kalifoniya ba ta gwajin hayaƙi ga motocin fetur ƙirar 1975 zuwa baya, sai dai rashin gwaji bai halatta cirewa ba. Daga ƙirar 1996 kuma aka ƙara na'urar sansano ta biyu a bayan masauyi. Da zarar an fasa ƙwaryar, fitilar gargaɗi za ta kama, kwamfuta ta nuna lamba P0420. A ɓangaren masu injin dizal, wani rahoton Hukumar Kare Muhalli ta Amurka na 2020 ya ƙiyasta cewa an cire kayan tsabtace hayaƙi daga a-kori-kura fiye da 550,000 cikin shekara goma.

5.0 Ɓarayi da 'Yan Gwangwan

Ƙarafan da ke cikin masauyi 'yan giram ne, amma rodiyam, wanda kusan kashi 80 cikin ɗari nasa daga Afirka ta Kudu yake fitowa, ya kusa dala 30,000 kowane oza a watan Maris na 2021. A-kori-kura ta zama abin farauta saboda tsayin ƙafarta: ɓarawo zai kwanta a ƙarƙashinta ba tare da jak ba, ya yanke bututun cikin 'yan mintuna.

Wannan kasuwa ce ta biyo motocin tokumbo zuwa garuruwanmu. Tsohuwar Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna ba ta san masauyi ba, kuma da an sa mata da bai yi rai ba, tunda sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama barin fetur mai dalma. Waɗanda ake shigowa da su daga Amurka kuwa da nasu suke fitowa, sai dai sau da yawa mai saye kan tarar da tukunya fanko, an fafe ta an yi walda. Ana yawan cewa irin wannan mota tana ƙara shan mai. Hakan na faruwa musamman idan aka lalata na'urar sansano ta gaba, ko walda ta bar kafar da iska ke shiga kusa da ita, kwamfuta ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta yi ta ƙarawa.

Babban abin damuwa a nan shi ne yadda ake amfani da motar. A Amurka bayan a-kori-kura wurin kaya ne. A ƙasar Hausa wurin zaman mutane ne a kan hanyar cin kasuwar ƙauye, wani lokaci ƙarƙashin rumfar tamfol. Kabon monoksaid ba shi da wari, ba shi da launi, kuma yana kama jini fiye da yadda oksijin ke yi sau ɗari biyu da ɗoriya. Motar da aka fafe masauyinta, aka kuma datse bututunta ya tsaya a ƙarƙashin bodi maimakon ya fita ta gefe ko baya, tana zuba wannan iska daidai inda fasinjoji suke zaune. Ciwon kai da jirin da sukan sauka da shi, galibi a kan zafin rana da gargadar hanya ake ɗora shi.