Shin Da Gaske An Hana Rushe Gidajen Leburori A Ingila?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar auduga daga Funtuwa, ya rubuto yana cewa ya ji wai a Ingila akwai tsofaffin gidajen talakawa da doka ta hana a rushe. Shin gaskiya ne?

To malam, gaskiya ne, amma ba dukansu ba. Gidaje ne na bulo a jere reras, kowanne bangonsa haɗe da na maƙwabci, kamar shagunan kasuwa. An gina yawancinsu a ƙarni na 19 saboda ma'aikatan masaƙu a garuruwa irin su Manchester, yankin da audugarmu ma ta riƙa zuwa a zamanin Turawa. Ɗaki biyu a ƙasa, biyu a sama, bayan gida kuwa a waje.

Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 hukuma ta rushe dubbai, wai sun zama matattarar ƙazanta. Sai daga baya aka farga, ashe tarihin talaka ake sharewa, fadojin sarakuna kuwa suna nan daram. A Birmingham ƙungiyar National Trust ta buɗe wasu da suka tsira ga masu ziyara a 2004. Ƙauyen Saltaire kuma, wanda attajiri Titus Salt ya gina wa ma'aikatan masaƙarsa ta ulu, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

In gida ya shiga rajistar gwamnati, ko taga mai shi zai sake, sai da izinin ƙaramar hukuma, in ya yi gaban kansa kuwa sai kotu. Kuɗin gyara fa yawanci daga aljihunsa suke fita, shi ya sa wasu masu gidajen ke ƙorafi.