Yadda Ake Koya Wa Babba Karatun Turanci Da Ganewa

Da yawa daga cikin manyan da ke zuwa azuzuwan yamma sun iya haɗa baƙi, har su karanta shafi guda na Turanci da babbar murya. Amma a tambaye su me shafin ya ce, sai su yi shiru. Galibi ƙarancin kalmomi ne ke jawo haka.

Masana irin su Paul Nation na ƙasar Niyuzilan sun nuna cewa sai mai karatu ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya gane shi ba tare da taimako ba. Wato idan baƙin kalmomi suka wuce ɗaya a cikin hamsin, hankali ya fara rabuwa. Sauƙin abin shi ne, kalmomi kusan 2,000 ne ke yawan maimaituwa a Turanci, kuma tun 1953 wani masani, Michael West, ya fitar da jerinsu. Da su ya kamata a fara.

To amma babba ba yaro ba ne. Magidanci mai 'ya'ya ba zai jure labarin kyanwa da ɓera ba. A kawo masa takardar magani, saƙon banki a waya, ko rahoton jarrabawar ɗansa. Kafin a karanta, a tattauna batun da Hausa. Bayan an gama, ya faɗi abin da ya gane da bakinsa. Wasu malamai na hana Hausa a aji, ni kuwa ina ganin hanawar ɓata lokaci ce.

Kalmar da aka koya yau, a tabbata ya sake cin karo da ita gobe da kuma mako mai zuwa.