Tunani Irin Na Kwamfuta A Darasin Kimiyya

Mutane da yawa sun ɗauka ba a koyon ilimin kwamfuta sai an zauna gaban na'ura. Alhali kuwa kafin na'ura ta yi aiki, sai ɗan Adam ya tsara mata matakan da za ta bi ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsari shi ake kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan al-Khwarizmi, masanin lissafi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. A shekarar 2006 Farfesa Jeannette Wing ta Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka ta yi kira da a koya wa kowane yaro irin wannan tunani, kamar yadda ake koya masa karatu da rubutu da lissafi.

Malamin kimiyya a gari irin Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe ta Jihar Sakkwato, zai iya koyar da shi ko da babu lantarki. A ɗauki darasin tsirar iri. Manomi yana son sanin ko irin geronsa zai fito, domin damina gajera ce. Wanda ya shuka mataccen iri zai sake shuka a makare.

Da farko ɗalibai su rarraba matsalar: danshi, iska, ɗumi da lafiyar iri. Sannan su ajiye abin da bai shafi tambayar ba, kamar launin buhu. Daga nan su rubuta umarni:

1. A ƙirga ƙwaya 100.
2. A shimfiɗa su a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe.
3. Kowace safiya a yayyafa ruwa, a ƙirga waɗanda suka tsiro, har kwana 7.
4. Idan sun kai adadin da aka ƙayyade, misali 80, a shuka irin. Idan ba su kai ba, a nemi wani.

Mataki na 3 shi ne maimaici, na 4 kuma sharaɗi, kuma a kan irinsu ake gina manhajojin kwamfuta. Sai a miƙa takardar ga wani rukuni ya bi ta ba tare da tambaya ba. Duk inda suka tsaya suna shakka, to akwai giɓi a umarnin, sai a gyara. Ɗalibin da ya saba da wannan, ranar da ya sami kwamfuta harshenta kawai ya rage ya koya.