Wuyan Jita da Hannun Mai Kaɗawa

(Kiɗan gurmi, a hankali ya lafa)

 Yau shirin namu na makaɗa ne, kuma na masassaƙa da kafintoci. Za mu tattauna kan wuyan jita, wato doguwar sandar nan da hannun hagu ke riƙewa yayin da na dama ke kaɗa tsarkiya.

Jita ba baƙuwa ba ce a garin Kontagora. Ana jin ta a majami'u ranar Lahadi, ana jin ta wurin biki, ga kuma samari da ke koyonta daga bidiyo a waya. Da yawa daga cikin waɗanda ke hannun mutane na gwanjo ne, kuma mai saye yakan duba fenti da sunan kamfani, ya kaɗa sau biyu, ya biya. Bayan wata ɗaya sai ka ji yana kukan tsintsiyar hannu, ko ya ce babban yatsansa na ƙagewa. Wani ya jingine ta a bango ya ce kiɗa ba rabonsa ba ne. Alhali sau da yawa laifin na wuyan ne, an sassaƙa shi don wani hannu daban.

Kakanninmu ba su san wannan matsala ba. Ku dubi gurmi da garaya da molo da kuntigi. Wuyansu sanda ce kewayayya, sumul, ba ƙarfe ko ɗaya a gitte, an ɗaure tsarkiya a jikinta da zoben fata da ake turawa sama ko ƙasa don saita murya. Sau da yawa mai kaɗawa shi ne mai haɗawa, ko kuwa yana zaune kusa da mai haɗawar. Zai damƙi sandar, ya ce a ƙara rage ta nan, a bar ta can. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsarkiya ɗaya gare shi, ƙarami ne da hannu ke rufewa, amma ya zaga duniya da shi. Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, da Malam Maman Barka na Nijar da ya rasu a 2018, duk a kan irin wannan sanda yatsunsu suka yi suna. Abin da manomin Kontagora ke yi ne in ya je sayen ƙotar fartanya: ba ya karɓa sai ya riƙe, ya jijjiga, ya ji ta zauna masa a tafi, don ya san da ita zai wuni.

(Kiɗan jita na ɗan lokaci)

Jita kuwa tsarkiya shida gare ta, don haka fuskar wuyanta shimfiɗaɗɗiya ce, da ƙananan ƙarafa a gitte. Inda gwanintar sassaƙa take shi ne bayan wuyan, wurin da tafin hannu da babban yatsa ke kwanciya. Masu ƙera ta sun sa wa siffofin bayan sunayen haruffa, gwargwadon yadda katakon zai bayyana in an yanka shi a gicciye. Akwai C, mai lanƙwasa a hankali, wadda ita ce ta fi yawa a kasuwa yanzu saboda tana karɓar hannuwa iri-iri. Akwai U, mai kauri da manyan kafaɗu, irin ta jitocin farko da kamfanin Fender na Amurka ya fitar a farkon shekarun 1950. Akwai V, mai ɗan tudu a tsakiyar baya, gefunanta a zaftare, wadda aka san jitocin Fender na 1957 da ita. Sai D, mai baya shimfiɗaɗɗe.

Abin da ke raba su shi ne inda makaɗi ke ajiye babban yatsansa. Wanda ya koyi kiɗa irin na Sifaniya, a jita mai tsarkiyar roba, yakan kafa babban yatsa a tsakiyar bayan wuya, sauran yatsu huɗu su sauko daga sama. Shi baya mai shimfiɗa yake so, kuma faɗin wuyan jitarsa a can sama yakan kai milimita 52. Wanda kuwa ke rungumar wuyan, babban yatsa ya leƙo ta sama har ya danne tsarkiya mai kauri, yadda makaɗin jita Jimi Hendrix ya riƙa yi, V ko siririyar C ce ke masa daɗi, a jitar lantarki mai faɗin milimita 42 ko 43. Ni a ganina, duk wanda ya fara da gurmi kafin ya koma jita, wannan riƙo na biyu zai fi zo masa da sauƙi, don hannunsa ya riga ya saba da damƙar sanda.

Ina so in ɗan tsaya a kan wani kuskure da ya yaɗu. Mutane na ɗauka siririn wuya shi ne mai sauƙi ga kowa. A 1987 kamfanin Ibanez na Japan ya fitar da wuya mai kaurin milimita 17 kacal a sama, don masu gudun yatsa, kuma ya yi musu. To amma mai babban hannu, irin hannun da ya sha noma ko tuƙin babur, in ya riƙe siririn wuya sai tafinsa ya rasa abin jingina. Duk nauyin ya koma kan babban yatsa da manuni, suna matsewa, musamman in yana danne tsarkiyoyi shida da yatsa ɗaya don raka waƙar mawaƙan coci na tsawon awa guda. Irin wannan hannu wuya mai cika tafi yake bukata. Yarinya 'yar shekara 12 kuwa, ko mai gajerun yatsu, in ka ba ta U mai kauri ka hana ta koyo tun ranar farko. Tsakanin mai kauri da siriri bai wuce 'yan milimita ba, amma hannu yana gane su tun kafin ido ya gani.

Tsawo ma yana da nasa. Daga inda tsarkiya ta tashi zuwa inda ta sauka, yawancin jitocin Fender inci 25.5 ne, na kamfanin Gibson kuwa 24.75. Gajeren yana kusanto da ƙarafan, tsarkiya kuma ta fi laushin dannawa.

(Kiɗa)

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye, mu da ke zaune inda damina ke jiƙa komai, hunturu ya zo ya busar. Tsarkiyoyin ƙarfe shida na jitar da ba ta lantarki ba suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kusan kilo 70, dare da rana. Shi ya sa a 1921 wani ma'aikacin Gibson mai suna Thaddeus McHugh ya ƙirƙiro sandar ƙarfe da ake binnewa a cikin wuyan, ana ɗaure ta ko a sassauta da ɗan mabuɗi. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Hunturunmu yana sauka ƙasa da haka sosai. Katako ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, sai bakin ƙarafan ya fito ta gefe yana yankar yatsa. Magagari mai laushi a hannun mai haƙuri yana gyara wannan. Kada a bar jita a mota cikin rana, kada a jingine ta jikin bangon da rana ke duka, a mayar da ita jakarta in an gama.

Katakon ma ba daga nesa yake ba. Wanda manyan kamfanoni ke saye daga Afirka ta Yamma don yin wuya ɗan'uwan maɗacinmu ne, dangi ɗaya suke. Baƙin katakon Kamaru da ake shimfiɗawa a fuskar wuya kuwa dangin kanya ne. Sharaɗin kawai shi ne itace ya bushe sarai kafin a sa masa gizago, don ɗanye zai karkace, kuma wuyan da ya karkace ba ya karɓar saiti.

In wani na ganin abin ya fi ƙarfinmu, ya tuna Mdou Moctar, Buzun Nijar da yau ake cika dandali a Turai da Amurka don sauraronsa. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke. Bahago ne kuma, da hagu yake kaɗawa. Masassaƙanmu da ke fitar da turmi da taɓarya da ƙota suna da hannun da ake bukata. Abin da ya rage musu shi ne awo na milimita, da zama da makaɗi a ji ta bakinsa kafin a rage katako, tunda abin da aka sassaƙe ba ya komawa.

Kai kuma ɗan'uwa mai shirin saye, ka zauna da jitar a shago, ka kaɗa na minti 15 aƙalla, ka bi wuyan daga sama har ƙasa, ka gwada biyu ko uku kafin ka ciro kuɗi. Iyaye masu saya wa yara, ku tafi da yaron, hannunsa za a gwada. Masu haɗa gurmi da garaya da ke saurarenmu, ƙofar wannan shiri a buɗe take, ku zo ku gaya mana yadda kuke zaɓar sanda.