Matani Daban, Riga Daban: Yadda Ake Kafa Rumbun Rubutu Marar Kai

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami ya san cewa Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda aka wallafa a Ƙairawan fiye da shekara dubu da suka shige, littafi ɗaya ce tak, ko ɗalibi ya same ta da rubutun hannu a kan warƙoƙi cikin gafaka, ko bugun Misira mai sharhi a gefe, ko kuwa a bakin malamin da ya haddace ta yana fassara wa almajirai da Hausa. Matanin yana nan yadda yake, abin da ke sākewa shi ne rigar da aka sanya masa. Wannan rarrabewa tsakanin matani da rigarsa, wadda malamanmu ba su taɓa ɗauka wani abin mamaki ba, ita ce masana kwamfuta suka daɗe suna kewaye kafin su komo gare ta, suka kuma laƙaba wa abin da suka ƙera a kanta wani suna mai ban tsoro, wai rumbun rubutu marar kai.

Asalin al'amarin kuwa shi ne, lokacin da Tim Berners-Lee ya buɗe shafin yanar gizo na farko a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba a 1991, mai shafi shi ne marubuci, shi ne kuma mai ado, yana cakuɗa maganarsa da alamomin da ke gaya wa kwamfuta inda za ta ƙara girman harafi da inda za ta ja layi. Da abin ya yi wa mutane nauyi sai aka fito da manhajojin kula da rubutu, Drupal a 2001, WordPress a 2003, Joomla a 2005, inda edita zai rubuta labarinsa cikin akwati, manhaja ta adana, ta kuma ɗinka masa riga da kanta. Ba ƙaramar ni'ima ba ce wannan, shaida kuwa ita ce har yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kan WordPress suke tsaye. Illa iyaka riga ɗaya kaɗai irin wannan manhaja ta iya ɗinkawa, wato shafi. Da iPhone ta bayyana a 2007, manhajojin waya suka yawaita, aka wayi gari labari guda ana bukatarsa a shafi, da waya, da allon talabijin, har da agogon hannu, sai gidajen jaridu suka tarar suna kwafar abu ɗaya sau uku sau huɗu, in an gyara kuskure a nan a manta da shi a can. Magani shi ne a fille wa manhajar kai, ma'ana a cire sashen da ke nuna wa mai karatu fuska, a bar gangar jiki, wato ma'ajiya da teburin edita, kowane mai ɗinki ya zo ya ɗebi matani ya yi masa rigar da ta dace da wurinsa.

Hanyar ɗiban nan ita ake kira API, kuma ba wani abu ba ce face taga irin ta kantin magani: ka miƙa takarda, a miƙo maka abin da ka rubuta, ba tare da ka shiga ciki ba. Amsar tana zuwa tsirara cikin wani tsari mai suna JSON, ga take, ga sunan marubuci, ga kwanan wata, ga jikin labari, babu launi babu ado. Mazhabobin tambaya biyu ne suka shahara, REST wadda Roy Fielding ya bayyana ƙa'idojinta cikin kundin digirinsa a shekarar 2000, da GraphQL wadda kamfanin Facebook ya sake wa jama'a a 2015, fa'idarta kuwa mai tambaya ya ambaci abin da yake so daidai, ba ƙari ba ragi. Ita kanta WordPress ta buɗe irin wannan taga a watan Disamba na 2016.

Mas'ala ta farko ga mai son kafawa ita ce haya zai kama ko gini zai yi. Contentful ta birnin Balin, wadda aka kafa a 2013, da Sanity ta birnin Oslo, gidajen haya ne: su ke riƙe da ma'ajiya, su ke gadi, kai kuwa in ka wuce ɗan abin da suke bayarwa kyauta sai ka biya da kuɗin waje, abin da duk mai samun kuɗinsa da naira ya kamata ya auna tun kafin ya zuba kaya. Strapi, wadda wasu matasa suka fara a Faransa a 2015, kyauta ake ɗaukarta a girka a kan na'urar da mutum ya mallaka ko ya yi haya, amma fa gyaran rufi da gadin dare sun koma wuyansa. Da ita za mu yi misali.

Girkawar kanta, in an faɗi gaskiya, ba ta kai a yi mata dogon bayani ba. Mutum ya sa manhajar Node.js a kwamfutarsa, ya rubuta umarni layi guda, a tambaye shi irin ma'ajiyar bayanan da yake so, ya zaɓi SQLite in gwaji yake yi ko PostgreSQL in aikin gaske ne, bayan 'yan mintoci manhaja ta buɗe a ƙofa mai lamba 1337 tana neman sunan shugaba na farko da kalmar sirrinsa. Shi ke nan.

Inda aikin yake, kuma inda na ga ya kamata a yi zaman shawara na kwanaki kafin a taɓa kwamfuta, shi ne tsara siffar matani. A ƙaddara wata mujalla ce a Kano. Wajibi ne a zauna da edita a tambaye shi: mene ne labari a wurinku? Zai ce take, da gabatarwa, da jiki, da hoto, da marubuci. To, marubucin nan suna ne kawai za a riƙa rubutawa a ƙarƙashin kowane labari, ko kuwa a ba shi babi nasa na kansa, mai ɗauke da sunansa da hotonsa da taƙaitaccen tarihinsa, sa'an nan a ƙulla kowane labari da shi? Wanda ya zaɓi na farko domin sauƙi, ranar da marubuci ya sauke farali ya dawo yana son a ƙara masa Alhaji, sai an bi labari ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zaɓi na biyu kuwa wuri guda zai gyara, gyaran ya game ko'ina. Haka hoto yake bukatar gurbin bayaninsa domin makafi masu sauraron shafi da na'ura, haka kwanan wata yake bukatar a ajiye shi a matsayin kwanan wata na haƙiƙa, ba jimlar da aka rubuta da hannu ba, domin na'ura ta iya jera labarai bisa tartibi, ta kuma iya nuna shi da lissafin Hijira ga wanda ya so. Babban kuskure, wanda masu ilmi ma kan fāɗa, shi ne a sanya wa gurbi suna irin “jan akwatin dama”, alhali kuwa a fuskar waya babu dama babu hagu, sama da ƙasa ne kaɗai. Sunan da ya dace shi ne “sanarwar gaggawa”, domin wannan ma'anarsa ce, ja da dama kuwa sha'anin mai ɗinki ne. Mai tsara gurabe da siffar shafi a zuciyarsa ya mayar da kan da aka fille ke nan bai sani ba.

Bayan haka sai a koma ga manhajar da jama'a za su gani, wadda galibi akan gina da kayan aikin React ko Next.js. A nan ne ake shigo da laburare, wato ɗan ƙunshin umarni da wasu suka riga suka rubuta, wanda ya san ladubban magana da tagar rumbun. Ana saukar da shi daga ma'ajiyar npm, a gaya masa adireshin rumbu, a ba shi mabuɗi. Sabon shiga kusan kullum yakan yi tuntuɓe a wuri biyu. Na ɗaya, ya yi tambayarsa ta farko a mayar masa da lamba 403, wato an hana, ya zaci wani abu ya lalace, alhali Strapi da gangan take rufe kowace ƙofa har sai shugaba ya ba da izini. Na biyu, labari ya zo babu hoto babu marubuci, domin abubuwan da aka ƙulla ba sa biyo labari sai an ambace su cikin tambaya.

Shi kuwa mabuɗi amana ne. Ana ajiye shi cikin wani fayil na sirri da ba a haɗa shi da sauran aikin da ake rabawa, kuma mabuɗin karatu kaɗai ake bai wa fuskar shafi, ban da na rubutu ko na gogewa. A Next.js duk abin da aka fara sunansa da NEXT_PUBLIC_ ana aika shi har cikin wayar mai karatu, saboda haka wanda ya sa mabuɗin shugaba a ƙarƙashin wannan suna kamar ya rataye makullin gidansa ne a bakin kasuwa.

Kada kuma a ɓoye wa mai karatu hasarar da ke ciki. Editan da ya saba danna maɓalli ya ga labarinsa kamar yadda zai fito, a nan ba zai gani ba sai an gina masa madubin dubawa na musamman. Kuma in shafukan an riga an toya su tun da wuri domin sauri, gyaransa ba zai bayyana ba sai an shirya rumbu ya riƙa aika manzo yana sanar da fuskar shafi cewa an yi canji. Gida ɗaya ya zama biyu, kowanne da kuɗinsa da mai kula da shi. A ganina makaranta ko ƙungiyar da shafi guda take bukata, ba ta da manhajar waya, ba ta kuma da ma'aikacin kwamfuta na dindindin, zamanta a kan WordPress ya fi mata alheri, ko da an ce mata tsohon yayi ne.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa. Waɗannan rumbuna suna karɓar harsuna da yawa, lambar Hausa a cikinsu kuwa ita ce ha, har ana iya ajiye labari guda da boko da ajami, muddin mai ɗinki ya tuna cewa ajami daga dama yake farawa. Amma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, suna bukatar a jarraba su tun ranar farko: a tabbata ma'ajiya tana kan tsarin UTF-8, a tabbata salon harafin da aka zaɓa yana da su don kada su fito kamar ƙananan akwatuna, sa'an nan a duba abin da manhaja ke yi musu sa'ad da take ƙera adireshin labari daga takensa, domin wata takan mayar da ƙ ta zama k, wata kuwa ta zubar da harafin ɗungum. Kafin a miƙa wa edita makulli, a rubuta labarin gwaji mai take “Ɓarawo ya ɗauke ƙofa”, a buɗe shi a kwamfuta da tsohuwar waya, a kuma neme shi a akwatin bincike, sau ɗaya da lanƙwasa, sau ɗaya babu.