Wandon Aiki Mai Aljihu a Cinya

'Yan'uwa manoma, mun ga da yawa cikinmu suna sayen wandon nan mai manyan aljihuna a cinya. Asalinsa kayan sojojin Ingila ne na 1938. Yana da amfani a gona, amma mu duba kafin mu biya.

Mu tsuguna da shi a gaban mai kaya. In ya matse gwiwa ko hantsa, zai yage tun noman fari. Mu juya cikinsa mu ga ɗinki, mai layi biyu ya fi ƙarko. Kakin auduga mai kauri ya fi yadin leda, gama leda tana riƙe zufa, tartsatsin wuta kuma yana huda ta. Gwanjo mai ƙwari ya fi sabo marar nauyi.

Kada dai mu sa kwalbar maganin feshi a aljihu. In ta yoyo, dafin yana shiga jiki ta fata.