Gwanin Shekara a Fadojin Damagaram

Da zarar sanyin Disamba ya kankama a Damagaram, akwai gardamar da ba ta ƙarewa a fadojin matasa, tun daga Birni har Zango da Sabon Gari: wane fim ne ya fi kowanne a bana? Butar shayi na kan gawayi, mai haɗawa yana ɗaga hannu yana tsiyayawa daga kofi zuwa kofi don kumfa ta tashi, su kuwa 'yan fada kowa ya kafe a kan nasa. Wannan ya ce ai tunda aka fara Labarina ba a sake yin kamarsa ba, wancan ya ce Izzar So ya fi shi darasi, na gefe ya ce shi duk shekarar nan ba abin da ya riƙe shi kamar wani fim ɗin Indiya na fassarar Algaita. Kafin a kai ga shayi na uku an jera na ɗaya da na biyu da na uku, an rushe, an sake jerawa. Mata ma suna yin irin tasu a tsakar gida da wajen kitso. Ina ganin wannan al'ada ta cancanci a ɗauke ta da muhimmanci, kuma ɗaukar ta da muhimmanci yana farawa da yarda da abu guda: jerin da mai kallo ke yi a ƙarshen shekara ba jerin finafinan da suka fi kyau ba ne, jerin waɗanda suka fi kyau ne a cikin abin da ya iso hannunsa. Wani ya riga ya tace masa tun kafin ya zauna zaɓe.

Ko a wuraren da ake yin wannan lissafi da takarda da ƙuri'a haka abin yake. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tambayar masu sharhin fim duk bayan shekara goma, tun daga 1952, su faɗi finafinan da suka fi girma a tarihi. Citizen Kane ya riƙe matsayi na ɗaya daga 1962 har 2002, Vertigo ya ture shi a 2012, sannan a 2022 sai ga Jeanne Dielman, wanda Chantal Akerman 'yar Beljiyam ta yi a 1975, ya haye sama. Fim ɗin bai ƙara ko minti ɗaya ba a tsakanin. Abin da ya sauya shi ne masu jefa ƙuri'a, waɗanda suka tashi daga 846 zuwa fiye da 1,600, da kuma yadda aka gyara tsofaffin finafinai aka sa su inda mutane za su iya gani. Idan har ƙwararrun da wannan ce sana'arsu ra'ayinsu yana bin abin da aka kawo gabansu, ina ga matashin da duk kallonsa a waya yake yi?

To ta ina fim ke shigowa Damagaram? Ta hanyar da kaya suka saba shigowa tun zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayarin fatake ke tashi daga Kano su ratsa nan su nufi Agadas da Tarabulus. Kano tana nan kudu, tafiyar kilomita kusan 240 ta Matamaye da Daura, Yamai kuwa sai an share kusan 900. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, har zuwa Sangaya na 1999 wanda ya sa waƙa da rawa suka zama jinin fim ɗin Hausa, kaset ya riƙa tsallako iyaka, daga baya faifan CD ya gaje shi, mutanen Nijar suka raɗa wa abin suna dandalin soyayya. Yau kuma shagon mai turi ne kasuwar. Ɗan ƙaramin shago ne, da kwamfuta ɗaya ko biyu, da igiyoyin caji a warwatse kan teburi, da lasifika a bakin ƙofa tana kiran masu wucewa. Mutum ya miƙa waya ko memori, ya ajiye 'yan daloli, ya ce a zuba masa sababbi. Sau da yawa ba ya ma faɗin suna. Mai shago ne ke buɗe jakar da ya raba gida-gida, ga na Hausa, ga Indiya fassara, ga na faɗa, ga masu dogon zango, ya zaɓo abin da ya ga ana yawan tambaya a makon. Shi ma daga wani ya kwaso, wancan kuma daga Kano ko daga YouTube. Wanda ke da tauraron ɗan'adam a gida yana da Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, amma ita ma daga Kano take dafa abincinta.

Ba kuka nake da Kano ba. Finafinan nan da harshenmu ake yin su, auren da ake ɗaurawa a cikinsu da kishin da ake yi da rikicin gado duk mun san su, kuma iyakar da Turawa suka ja ba ta taɓa raba kunnen Bahaushen Damagaram da na Katsina ba. 'Yan Nijar ma suna da hannu a masana'antar. Muryar Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, ta daɗe tana ɗauke da waƙoƙin finafinan Kano. Abin da ke damuna shi ne gurbin da wannan hanya ɗaya tilo ta bari. Akwai finafinai da aka yi a kan Damagaram kanta, kuma da wuya ka ji sunansu a gardamar ƙarshen shekara. A 1982 Mahamane Bakabé ya yi Si les cavaliers, a kan yunƙurin da aka zargi fadar Damagaram da shiryawa don kawar da Faransawa a 1906, wanda ya jawo aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa aka kai shi gudun hijira. A 2016 Rahmatou Keïta ta fitar da Zin'naariyâ, labarin wata 'yar sarauta da ta dawo gida masarautar nan daga karatu a waje da ciwon so a zuci. An nuna shi a bikin finafinai na Toronto, kuma shi ne fim na farko da Nijar ta taɓa aikawa gasar Oscar. A 2021 Aïcha Macky, 'yar garin nan, ta shiga unguwar Kara-Kara da kyamara ta fito da fim mai suna Zinder, wato ɗayan sunan Damagaram, inda matasan da ake tsoro suke magana da bakinsu, da Hausarsu, a kan zaman banza da fasa-ƙwaurin mai da gidan kaso. Ga kuma Sarraounia na Med Hondo, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1987, daga littafin Abdoulaye Mamani, a kan sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ragowarta ce ta ƙaraso ta ci Damagaram a wannan shekarar. Irin waɗannan finafinai galibi da kuɗin asusun ƙasashen waje ake yin su, hakkin nuna su yana hannun kamfanonin da ke kallon bukukuwa da tashoshin Turai, rubutun fassararsu da Faransanci ne. Sun fi saurin isa Suwizalan a kan su isa shagon da ke bayan tasha. Cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da akan haska irinsu a garin, an ƙone ta a zanga-zangar Janairun 2015.

Mai musu zai ce duk wannan ɗaukar dala ba gammo ne. Kallo nishaɗi ne, kowa da gwaninsa, kuma ba a gardama a kan abin da rai ke so. Rabin maganar gaskiya ce: ba wanda zai tilasta wa wani jin daɗin abin da bai ji daɗinsa ba. Amma duk wanda ya taɓa sauraron gardamar fada ya san ba a tsayawa a "ni dai ya burge ni". Nan take za a ce da shi, da me? Dole ya kawo hujja, kuma a wajen kawo hujjar ne kallo ke zama ilimi. Garin da ya san wasan kara, inda talaka ke kwaikwayon manya a gaban jama'a ana auna ko ya iya ko bai iya ba, ba baƙon hukunta ɗan wasa ba ne. Illar dai ita ce hujjojinmu sun yi kaɗan. Mafi yawa a kan biyu suke tsayawa: akwai darasi, ko jarumina ne a ciki. Darasi abu ne mai kyau, amma fim yana iya cika da wa'azi ya kasance an yi shi da kasala, sauti na tashi yana faɗuwa, uwa da 'yarta sa'o'in juna, labarin da za a gama a awa ɗaya an ja shi wata uku. Na biyun ya fi ɓarna, don tun zamanin da masoyan Ali Nuhu da na Adam A. Zango suka rabu gida biyu, mutane da yawa fuska suke jerawa ba fim ba. Wanda aka matsa masa ya bayyana dalilin da ya sa na biyunsa bai zama na ɗaya ba, shi ne zai fara lura da wanda ya rubuta labari, da wanda ya ba da umarni, da inda aka ajiye kyamara, ya gane cewa sunan Aminu Saira a kan Labarina yana da nauyin da bai gaza na 'yan wasan ba.

Akwai wani musun da ya fi wannan ƙarfi, wato cewa lissafin kansa ba adalci a cikinsa. Yaya za a haɗa shiri mai dogon zango, wanda mutum ya rayu da shi mako-mako har ya san mutanen ciki kamar maƙwabtansa, da fim na awa biyu da ya gani sau ɗaya da ƙaramar Salla? Kuma abin da aka kalla a Nuwamba kullum yana danne na Fabrairu, don shi ne ke kusa a ƙwaƙwalwa. Wannan gaskiya ne, maganinsa kuma ba wuya: a raba jeri biyu, a kuma riƙa rubuta sunan abin da aka kalla da layi ɗaya na dalili, ko a bayan littafin makaranta ko a cikin waya. Abin da na fi so a lura da shi shi ne cewa jerin mai kallo ya fi na masu ba da kyauta 'yanci. Su dole su tsaya kan abin da ya fito a shekarar, shi kuwa abin da ya kalla a shekarar yake jerawa, ko da an yi shi kafin a haifi mahaifinsa. Ba abin da zai hana Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972, ya kara da sabon shirin da aka ɗora a YouTube jiya, tunda shi ma a kan Alhaji da ƙarin aure da kishi yake. Ba abin da zai hana Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane, na 1966, inda samarin ƙauye suka sa kayan kaboyi suka addabi gari, ya zauna kusa da fim ɗin Aïcha Macky, a ga cewa tambayar abin da allo ke yi wa matashi marar aiki ta girmi wayar hannu da shekaru masu yawa.

Za a kuma ce ai wannan son kai ne, a cusa na gida a jeri don kawai na gida ne. Da haka nake nufi da musun ya ci. Ba na cewa a ba su na ɗaya. Cewa nake a kalle su, sannan a yanke musu hukunci da ma'aunin da ake yanke wa kowa. Mai kallo yana da damar ya ce Zin'naariyâ ya cika tafiyar hawainiya, ko ya yi wa sarauta kwalliyar da ta fi dacewa da idon baƙo. Yana da damar ya ce fim ɗin Kara-Kara ya ɗauki sunan gari sukutum ya ɗora wa unguwa ɗaya, ya bar malamai da 'yan kasuwa da maƙera da dukawan da su ma Damagaram ne. Wani kuma ya amsa masa cewa ɓoye ciwo ba ya warkar da shi, kuma ba a taɓa ba waɗannan matasa dama su yi magana mai tsawo haka ba tare da an katse su ba. Wannan gardama ta fi kowace dacewa da fadojin garin nan, domin masu yin ta sun san titunan, sun san farashin kwalbar mai ta bakin hanya, sun san inda fim ya faɗi gaskiya da inda ya ƙara gishiri. A halin yanzu masu sharhi na Paris da Toronto sun fi su yawan faɗin albarkacin bakinsu a kai.

Saura batun yadda finafinan za su iso, kuma nan nauyin ya rabu. Mai turi ɗan kasuwa ne. Abin da aka yawaita tambaya shi yake nema, don haka jerin da aka rubuta aka karanta a gidan rediyo, ko ɗaliban Jami'ar André Salifou suka tattara daga fada zuwa fada, yana iya sa sunan da bai taɓa ji ba ya shiga kunnensa. Sai dai kwafin da ake turawa ba ya mayar wa mai fim ko dala, kuma ba daidai ba ne a gyara rashin kallo da satar gumin wanda ya sha wahalar shekaru kafin ya haɗa kuɗin aiki. Masu finafinan da hukumar kula da sinima ta ƙasa su ne ke iya buɗe ƙofar halal: a haska a filayen unguwanni da makarantu, a ba tashoshin talabijin na Hausa izinin nunawa, a ɗora tsofaffin da suka riga suka gama zagayen bukukuwa a intanet. Waɗanda aka yi da Zabarmanci ko Faransanci kuma a ɗora musu murya da Hausa. Masu fassarar Indiya a Kano sun riga sun nuna cewa Bahaushe zai zauna awa uku a gaban labarin wata ƙasa muddin ana yi masa magana da harshensa, kuma kayan aikin da suke yin haka da su ba su fi ƙarfin ɗakin ɗaukar sauti ɗaya a Zinder ba.